Batirin Babur a Hunturun Kebek: Daga Montiriyal zuwa Saguenay

A lardin Kebek da ke gabashin Kanada, babur abin hawa ne na rabin shekara. Daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba masu babura ke janye su daga titi, kuma galibinsu ba sa sake fitowa sai Afrilu, wani lokacin ma sai Mayu idan an nausa arewa. Wata biyar ke nan ko shida da inji zai yi bai tashi ba. Ƙarfe da roba suna jure wannan dogon zama muddin an kare su daga laima, man da ke cikin tanki kuma akwai maganin da ake zuba masa don kada ya lalace. Abin da ba ya yafe sakaci shi ne batir, domin yana ci gaba da aiki ko da an zare makulli an rufe ƙofa. Hanyar da ta tashi daga Montiriyal, ta bi gaɓar kogin Saint-Laurent zuwa birnin Kebek, sannan ta haura duwatsu zuwa Saguenay, tana nuna wa matafiyi kusan duk dabarun da mutanen ƙasar sanyi suke bi don batir ya kai baɗi da ransa, saboda kowane zango da irin gidajensa da irin sanyinsa.

Doka ma tana da hannu a wannan ajiya. Tun 2008 lardin ya wajabta sa tayoyin hunturu, kuma daga 2019 wa'adin ya zama daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Dokar ta haɗa har da babura, tarar wanda ya saɓa kuwa tsakanin dala 200 ne zuwa 300. Tayar hunturu ta babur ba kasafai ake samunta ba, ko an samu ma, gishirin da ake barbaɗawa a titi don narkar da ƙanƙara yana cin ƙarfe ba kaɗan ba. Hukumar inshorar ababen hawa ta lardin, SAAQ, tana ba mutum damar ya rubuta cewa abin hawansa yana ajiye, kuma daga ranar ba shi da izinin hawa titin gwamnati sai an janye wannan rubutun.

Montiriyal tsibiri ne a tsakiyar kogi. Tsofaffin unguwanninta irin su Plateau-Mont-Royal da Rosemont da Verdun cike suke da gidajen jan bulo masu hawa biyu ko uku, a jere manne da juna, da matakalar ƙarfe a waje wadda take murɗawa ta hau bene. Yawancinsu an gina su tun mota ba ta yawaita ba, don haka ba su da gareji. Dusar ƙanƙarar da ke sauka a birnin cikin shekara takan kai kimanin mita biyu, kuma idan hukuma za ta kwashe ta sai a kafa alamu a bakin titi, motocin janwe su bi unguwa suna jiniya don kowa ya kawar da abin hawansa. Babur ba shi da mazauni a irin wannan titi. Masu hali sukan kai nasu wurin dillalan babura, waɗanda ke karɓar ajiya ta tsawon hunturu a kan kuɗi, kuma sau da yawa kula da batir yana cikin abin da aka biya. Sauran sukan tura babur cikin ɗan ɗakin katako ko na kwano a lungun bayan gida, inda babu wuta kuma babu ɗumi. A nan ake ganin dabarar da ta fi kowace sauƙi: a ciro batirin a hau da shi ɗaki.

A yawancin babura batir yana ƙarƙashin kujera, kuma nauyinsa bai cika wuce kilo uku zuwa biyar ba. Ana kashe makulli, a fara kwance baƙar waya, wato ta kan da ke da alamar ɗebewa, a lanƙwasa ta gefe, sannan a kwance ja. Wannan jeri yana da dalili. Baƙar wayar a haɗe take da ƙarfen jikin babur, to idan aka fara da ja, sifana ko sukundireba ya goga jikin babur alhali yana kan noti, wuta za ta yi tartsatsi har ta iya narkar da bakin ƙarfen ko ta ƙona hannu. Akwai wasu 'yan notuna masu kusurwa huɗu da ke zaune a cikin kawunan batirin, suna saurin sulluɓewa su faɗa can cikin inji, shi ya sa mai lura yake mayar da kusoshin a kansu nan take kafin ya ɗaga batirin. Idan akwai farin gari ko kore-kore a kan kawunan, sai a wanke da ruwan da aka kaɗa wa bekin soda, a goge ya bushe, a shafa ɗan giris. Ranar mayarwa kuma a juya jerin: ja a fara ɗaurawa, baƙa a ƙarshe.

Batirin da ke cikin mafi yawan babura jikan wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro ne a 1859. Ɗakuna shida ne a cikinsa, kowane da farantan dalma a tsome cikin ruwan asid, kowane yana ba da wuta kimanin bolt 2.1. Shi ya sa batirin da ake kira mai bolt 12, idan ya cika da caji, mita take nuna 12.6 zuwa 12.8. Idan ta nuna 12.4, kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi, 12.2 rabi ke nan, daga 12.0 zuwa ƙasa kuwa abin da ya rage kaɗan ne. Tazarar da ke tsakanin cikakken batir da wanda ya kusa ƙarewa ba ta kai bolt ɗaya ba, don haka hasken fitila ko ƙarar hon ba sa isa shaida, sai an sa mita. Kuma awon ba ya faɗin gaskiya sai batirin ya huta sa'o'i bayan an cire shi daga caji, domin wanda aka zare yanzu-yanzu yakan nuna lamba fiye da abin da yake riƙe da shi.

Caji yana zurarewa ta hanya biyu. Ta farko a cikin batirin take: ko ba a jona shi da komai ba yana cin kansa sannu a hankali. Tsohon samfuri mai murafe, wanda ake ƙara wa ruwa, shi ya fi saurin zubarwa. Rufaffen samfuri da ake kira AGM, wanda asid ɗinsa ke jiƙe a cikin zaren gilashi, yakan rasa kimanin kashi 3 cikin 100 a wata a ɗumin ɗaki. Ta biyu kuma ita ce wadda ta fi ɓarna a baburan zamani. Agogo, da kwamfutar inji, da na'urar ƙararrawar ɓarayi, da na'urar bin sawu, duk suna tsotsar wuta dare da rana ko makulli na aljihu. Lissafin ba shi da wuya. Idan abin da suke ja kashi 5 ne kacal cikin 1000 na amfiya, a wata ɗaya sun sha amfiya-awa 3.6. Batirin babur ƙarami ne, yawanci tsakanin amfiya-awa 6 ne zuwa 20, ba kamar na mota ba. Mai 12 da aka bari a jone zai kai rabi cikin kwana 50, wato babur ɗin da aka rufe a farkon Nuwamba batirinsa ya yi rabi kafin ƙarshen Disamba, ga sauran wata uku ko huɗu a gaba.

Illar zama babu caji ita ce wani farin gishirin dalma, wanda masana ke kira salfet, da ke taruwa a jikin farantai duk lokacin da batir ya ba da wuta. Idan aka yi caji da wuri gishirin yana narkewa ya koma cikin ruwan, wannan shi ne aikin batir na yau da kullum. Idan aka bar shi makonni sai ya daskare ya yi tauri, ya toshe fuskar faranti, caji ya kasa mayar da shi. Irin wannan batir yakan yaudari mai shi: ya cika da wuri, mita ta nuna lamba mai kyau, amma da an danna sitata sai a ji ƙyas-ƙyas kawai.

Baƙon da ya zo daga ƙasar zafi yakan zaci sanyi ne ke shanye caji. Akasin haka ne. Cin kan da batir yake yi yana ninkawa kusan sau biyu duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10, yana kuma raguwa idan an yi sanyi. Babur ɗin da mai shi ya yi tafiya ya bari wata uku a cikin bazarar Sakkwato ko Agadas, batirinsa ya fi saurin zubewa fiye da wanda ke ɗakin katako a Montiriyal. Sai dai yawancin ƙananan baburan can suna da abin bugawa da ƙafa, manyan baburan Kanada kuwa babu, idan batir ya ƙi to babur ya ƙi. Tun da zafi ke sa batir cin kansa, wanda ya hau da batirinsa bene bai kamata ya ajiye shi kusa da abin ɗumama ɗaki ba. Wuri mai sanyi-sanyi, busasshe, wanda iska ke shiga, kuma yara ba sa kaiwa, shi ya fi dacewa, a riƙa yi masa caji sau ɗaya a wata. Har yanzu akan ji dattawa suna hana a ajiye batir a kan siminti, wai yana shanye wuta. Maganar tana da asali, tun zamanin da ake yin akwatin batir da katako ko da wata irin roba mai tsatsafo. Akwatin roba na yanzu ba ya yoyon wuta, siminti ba ya yi masa komai.

Daga Montiriyal zuwa birnin Kebek akwai manyan hanyoyi biyu masu sauri, amma wadda ta fi nuna rayuwar mutane ita ce tsohuwar hanyar da ake kira Chemin du Roy, wadda aka kammala a 1737, mai tsawon kimanin kilomita 280 a gaɓar arewa ta kogin. Yawancinta a yau lamba 138 ce. A lokacin ɗumi masu babura na ƙaunarta ƙwarai, saboda tana ratsa ƙauyuka masu coci-cocin dutse da gonaki dogaye da suka miƙe har bakin ruwa. A Nuwamba kuwa shiru take, sai rumfunan farin tamfol da aka kakkafa a ƙofar gidaje don mota ta fake daga dusar ƙanƙara. A Trois-Rivières, garin da ke tsakiyar tafiyar, wanda aka kafa a 1634, gidajen bayan gari suna da gareji, kuma a cikin gareji akwai soket. Wannan kaɗai ya sauya dabara: ba sai an ciro batir ba.

A irin wannan gareji babur yana tsaye a can ƙurya, an lulluɓe shi da mayafi mai shan iska, gefe ga shebur da injin watsa dusar ƙanƙara da buhun gishiri. Daga ƙarƙashin kujera wata 'yar gajeriyar waya ta leƙo, mai baƙin kai da ɗan murfin roba. Ɗaya bakinta an ɗaure shi dindindin a kan kawunan batir, da fis a jikin jar wayar kusa da batirin, don idan wayar ta goge ta taɓa ƙarfe fis ɗin ya tsinke kafin wuta ta kama. Da ita ake jona wata 'yar caja da ba ta fi tafin hannu ba, wadda ke rataye a bango da 'yar fitila a jikinta. Ja ko ruwan goro na nufin tana cikin caji, kore na nufin batir ya cika tana gadinsa. Mai gida yakan wuce ta nan kullum zai fitar da mota, kallo ɗaya ya ishe shi.

Wannan caja mai lura ta bambanta da tsohuwar caja, kuma a nan mutane da yawa ke yin asara. Tsohuwa tana tura wuta ne kawai ba tsayawa, ko batir ya cika ko bai cika ba. Idan aka bar ta wata da watanni sai ta tafasa ruwan batirin, farantai su bushe su lalace, rufaffen batir kuwa ya kumbura, kuma shi ba a iya ƙara masa ruwa. Mai lura tana auna batirin tukuna, ta tura wuta har ya kai kimanin bolt 14.4, ta riƙe shi a nan tana rage abin da take turawa har ya ƙoshi, sannan ta sauko zuwa 13.2 ko 13.6 ta tsaya, ba ta ƙara komai sai abin da ya zurare. Wasu suna da wani mataki na sanyi mai hoton ƙwayar dusar ƙanƙara, wanda ke ɗaga caji zuwa 14.7, saboda batir mai sanyi yana buƙatar a ɗan ƙara matsa masa kafin ya karɓa. Sunayen da aka fi gani a kantuna sun haɗa da Battery Tender da NOCO na Amurka, da CTEK na Suwidin, da OptiMate na wani kamfanin Beljiyam. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada wutar caji ta wuce kashi ɗaya cikin goma na girman batir, don haka amfiya ɗaya ko ƙasa da haka ta wadatar. Cajar mota mai amfiya 10 tana dafa ƙaramin batir ne. Araha ba ta ado a wannan wuri, domin kuɗin caja mai kyau bai kai na sabon batir ba, kuma tana shekaru tana aiki. Wutar da take ci ba ta taka kara ta karya ba, balle a lardin da kusan duk lantarkinsa daga madatsun ruwa na Hydro-Québec yake fitowa. Sai dai wutar gida a Kanada bolt 120 ce, wanda ya taho da caja daga ƙasar da ake amfani da 230 sai ya duba rubutun jikinta kafin ya jona.

Batir mai murafe yana da ƙarin hidima. Kafin a jona shi ana duba ruwan kowane ɗaki ya kasance tsakanin layuka biyun da ke jikin akwatin, idan ya ragu a cika da tataccen ruwa kawai. Ba a ƙara asid, domin ruwa ne ke ƙafewa, asid ɗin yana nan. Ruwan famfo kuma yana da ma'adinan da ke ɓata farantai. Lokacin caji batir yana fitar da iskar haidirojin, wadda ke kamawa da wuta idan ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri, don haka ba a shan taba a kansa, ba a kuma yin caji a rufaffen kabad.

Akwai wata al'ada da ta yaɗu, wadda masu ita ke yi da kyakkyawar niyya: duk mako a shiga gareji a tayar da babur ya yi silo na minti biyar ko goma. Illarta ta fi amfaninta. Tayar da inji mai sanyi yana kwasar wuta mai yawa, kuma abin da injin babur ke mayarwa a silo kaɗan ne, sau da yawa bai biya abin da sitata ta ci ba. Injin ba ya yin zafin da zai kori tururi, sai raɓa ta taru a salansa da cikin baƙin mai ta haifar da tsatsa. Mafi muni, hayaƙin inji a rufaffen gareji yana ɗauke da guba marar wari da ke kashe mutum, yana kuma iya shiga cikin gida ta ƙofar da ta haɗa su. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Babur ɗin da aka ajiye a bar shi ya kwanta har ranar da za a hau shi a yi tafiya mai nisa.

Birnin Kebek, wanda Samuel de Champlain ya kafa a 1608, yana bisa wani tsauni da ke kallon kogin, da ganuwarsa ta dutse har yau. Ya fi Montiriyal sanyi. Matsakaicin awon Janairu kimanin digiri 12 ne ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, dusar ƙanƙara kuma takan kai mita uku a shekara. A nan ne ainihin haɗarin hunturu yake bayyana. Lokacin da batir yake cike, ruwansa asid ne mai kauri, ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 55 zuwa 60 ƙasa da sifili. Yayin da caji ke sauka asid ɗin yana komawa jikin farantai, ruwan yana tsinkewa. Batir mai rabin caji yana daskarewa a wajen digiri 25 ƙasa da sifili, wanda ya ƙare kuwa tun daga digiri 7 zuwa 10. Sanyin daren Janairu na yau da kullum a birnin Kebek ya wuce digiri 10 ƙasa da sifili. Ba sanyi ne ke kashe batir ba, sanyi yana ƙarasa wanda rashin caji ya riga ya kayar ne.

Ruwa idan ya daskare yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100, kamar dai kwalbar da aka cika maƙil aka manta a firiza. Batirin da ya daskare ana gane shi da ido: gefensa ya bullo, wani lokacin da siririn tsagu a kusurwa, idan mai murafe ne kuma ana hango ƙanƙara a ciki, ko a girgiza a ji shiru. Ba a jona shi da caja, ba a kuma yi masa jan wuta daga mota, domin iskar da caji ke haifarwa tana iya maƙalewa a ƙarƙashin ƙanƙarar ya fashe ya watsa asid. Ana kai shi wuri mai ɗumi a cikin roba, a bar shi yini guda ya narke da kansa, sannan a duba. Idan ya tsage an gama. Ko bai tsage ba, sau da yawa farantan sun lanƙwashe.

Sanyi yana da wani tasiri na daban wanda ba lalacewa ba ne. Batir mai lafiya ma ƙarfinsa yana raguwa idan ya yi sanyi, a digiri 18 ƙasa da sifili yakan ba da rabi ko ɗan fiye da rabin abin da yake bayarwa a ɗumi, ga baƙin mai ya yi kauri inji ya yi nauyin juyawa. Lambar CCA da ake bugawa a jikin batir a wannan sanyin ake auna ta: yawan amfiyar da zai iya bayarwa na daƙiƙa 30 ba tare da ya sauka ƙasa da bolt 7.2 ba. Wannan rauni yana wucewa da zarar batirin ya ji ɗumi.

Daga birnin Kebek hanya mai lamba 175 take yin arewa, kilomita kusan 200 cikin gandun dajin Laurentides, duwatsu da tafkuna da itatuwa masu ganye kamar allura, babu gari a tsakani sai wani zango guda mai gidan mai da abinci da ake kira L'Étape. Dusar ƙanƙara tana riga sauka a nan, tana kuma daɗewa ba ta narke ba. A ƙarshenta Saguenay yake, garin masana'antun alminiyam, inda digiri 30 ƙasa da sifili ba baƙon abu ba ne a Janairu. A irin wannan sanyi ko batir mai rabin caji bai tsira ba, don haka abin da za a iya yi wa sakaci a Montiriyal a sha, a nan ba a sha.

Sabon samfurin batir na litiyam, wanda ake sa wa baburan zamani saboda rashin nauyi, a nan yake buƙatar a san halinsa. Ɗakuna huɗu gare shi, yana hutawa a kan bolt 13.2 zuwa 13.4, idan ya sauka ƙasa da 13 cajinsa ya riga ya ragu sosai. Ba ya yin gishirin dalma, kuma cin kansa kaɗan ne ƙwarai, har idan aka cire baƙar waya yana iya wuce hunturu gaba ɗaya ba caji. Amma yana da sharuɗɗa uku masu tsauri. Ba a yi masa caji idan sanyi ya kai sifili ko ƙasa, domin litiyam ɗin yana manne wa faranti ya ɓata shi har abada, don haka jona shi a garejin da ba ɗumi kuskure ne sai in cajar ko batirin suna da abin da ke hana hakan. Ba a sa masa cajar batirin dalma mai matakin narkar da salfet, wadda ke harba wuta sama da bolt 15. Ba a kuma bari na'urorin babur su tsotse shi ƙarƙaf, saboda abin da yake riƙewa yawanci bai kai na dalma ba, kuma idan ya faɗi ƙasa sosai ba lalle ya tashi ba. Da safiyar sanyi masu shi sukan kunna fitila na ɗan lokaci kafin su danna sitata, jan wutar yana ɗumama shi daga ciki ya ƙara ƙarfi.

A bakin tafkunan yankin akwai bukkokin hutu da ba su da lantarki, kuma wasu a can suke barin babur. Akan gwada ɗan faifan sola da na'urar daidaita caji, amma ranar Disamba a Saguenay ba ta fi awa takwas da 'yan mintuna ba, rana tana ƙasa-ƙasa, kuma dusar ƙanƙara ta dare ɗaya ta isa ta rufe faifan har sai wani ya zo ya share. Abin da ya fi tabbas shi ne a ciro batirin a tafi da shi gida. Idan ba hali, a cika shi maƙil, a cire baƙar waya, a bar sanyi ya rage masa cin kai.

Mai komawa ta gaɓar kudu, idan ya ratse daga Drummondville, zai isa Valcourt, ƙauyen Joseph-Armand Bombardier, wanda ya fitar da Ski-Doo a 1959, babur ɗin da ke gudu a kan dusar ƙanƙara. Akwai gidan tarihinsa a garin, kuma lardin yana da hanyoyin irin wannan abin hawa fiye da kilomita 33,000. A gidaje da yawa caja ɗaya ce ke yi wa biyun hidima: daga Nuwamba tana jikin babur, daga Afrilu ta koma jikin na ƙanƙara, wanda shi kuma zaman ɗumi ne ke cin batirinsa.

Yamma da nan, tsakanin Granby da Saint-Hyacinthe da Saint-Jean-sur-Richelieu, shi ne yankin da ruwan sama mai daskarewa na Janairun 1998 ya fi yi wa ɓarna. Ƙanƙara ta lulluɓe wayoyi har kimanin turakun ƙarfe 1,000 suka rushe, gidaje da wuraren aiki kusan miliyan 1.4 suka rasa wuta a lardin, wasu makonni suka yi a duhu cikin tsananin sanyi. Mutanen yankin sun san soket ba abin dogaro ba ne ɗari bisa ɗari. Cikakken batir yana jure makonni babu caja, kuma caja mai kyau tana komawa aiki da kanta idan wuta ta dawo, amma ba kowace ba, wasu sai an sake danna maɓalli. Ban da ɗaukewar wuta, fis yana tsinkewa, wani yana zare fulogi don ya jona wani abu ya manta, ɓeraye kuma suna shiga ƙarƙashin kujera su yi sheƙa su ci waya. Don haka ko da caja mai lura, ana so sau ɗaya a wata a ɗaga mayafi a duba fitilarta, a taɓa batirin a ji ko ya yi zafi, a sa mita.

Ranar 15 ga Maris dokar taya take ƙarewa, amma masu haƙuri sukan jira ruwan Afrilu ya wanke gishiri da tsakuwa daga titi, a kuma cike ramukan da daskarewa da narkewa suka haƙa. Kafin fita ta farko ana cire caja, a bar batir ya kwana, da safe a auna. Na dalma ya nuna 12.6 ko sama. Ana barin mitar a jone a danna sitata, kada lambar ta faɗi ƙasa da 9.5 zuwa 10. Idan ta faɗi, batirin ya tsufa ko da lambar farko ta yi kyau. Bayan inji ya tashi a ɗan murɗa totur, mita ta hau tsakanin 13.5 da 14.5, alamar babur yana mayar da caji yadda ya kamata. Batirin dalma da ya samu wannan kulawa yakan yi shekara uku zuwa biyar, wani ya wuce haka. Wanda ya mutu ba a jefa shi a shara, saboda dalma guba ce, asid kuma yana ƙona fata yana ɓata ƙasa. Kantunan da ke sayar da batir suna karɓar tsoho, haka ma cibiyoyin tattara shara mai haɗari na ƙananan hukumomi, inda daga can ake kai shi a narkar da dalmar da robar a sake ƙera wani.